Jarkokin Taki da Ramin Gidan Hajja

Litinin, 9 ga Satumba, da hantsi

Ban je ma'ahad, makarantarmu ta Larabci, ba yau. Na ce wa malamarmu ciwon kai ne, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Na share falo, na goge gilashin tankin kifin nan na mijina har ya gaji da goguwa, don dai hannuna ya samu abin yi. Kifayen suna ta yawo cikin ciyayinsu kamar ba abin da ya faru. Ina ruwansu, tunda an ba su abinci.

Hajja Ummu Eman, mai gidan da muke haya, ta tare ni a matakala tana tambayar ina Shehi, kwana biyu ba ta ji takunsa ba. Haka take kiransa tun da ta ji digiri na uku yake yi. Na ce ya je gida Najeriya, uzuri ne ya taso. Ta ce Allah ya dawo da shi lafiya. Na amsa mata ko rawa muryata ba ta yi ba, ni kaina sai da na yi mamaki.

Jarkokin takin ruwan da yake haɗa wa ciyayin tanki, yana kuma raba wa abokan sha'awarsa, suna bayan ƙofar banɗaki. Babu komai a cikinsu yanzu, ban da guda ɗaya da hannuna ya gaji kafin in kai kanta. Jiya ne. Ba zan rubuta jiya ba.

Talata, 10 ga wata, bayan Azahar

Na rufe jarkokin da tsohon zani. Wa nake ɓoye wa? Ni kaɗai ce a sama.

Alhamis, 12 ga wata, bayan La'asar

Gidan ya fara wari. Ba irin wanda aka saba ji ba in zafi ya yi yawa. Wannan mai kaifi ne, yana kama maƙogwaro.

Layinmu can ƙarshen unguwar Ainu Shams yake a nan Alƙahira, inda babban bututun gari bai ƙaraso ba tukuna. Duk abin da ya bar banɗakin gidan nan, sama da ƙasa, rami ɗaya yake tafiya a ƙarƙashin tsakar gida. Taranshi suke ce masa, sokawe dai irin namu na gida.

Da ma a ce ban sani ba. Wallahi da na ji sauƙi. Amma na sani, don kunnena ya sha wannan karatun har na haddace. "Rakiya, ramin nan akwai masu rai a ciki waɗanda ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar. Taki in ya yi yawa dagula su yake yi, ya bi ƙasa ya shiga ruwan mutane. Wannan kuma mai warin asibiti da nake kashe gansakuka da shi, in ya shiga da yawa, gamawa zai yi da su." Ko tsohon ruwan tanki ba ya zubarwa a banɗaki. A bokiti yake ɗauka ya hau rufin gida ya zuba wa na'ana'ar Hajja da ɗoɗɗoyarta. Ni kuwa in tsaya a ƙofa ina tsokanarsa, ina cewa ban taɓa ganin mutumin da ya fi tausayin masai a kan matarsa ba. Yana dariya a lokacin. Ni ma dariya nake.

Ranar Lahadi ina sane na buɗe murfin jarkar farko na juye a masai. Ina sane na buɗe na biyu. Abin da ya fi so na nema in ɓata, shi ke nan, ba wani tunani.

Juma'a, 13 ga wata, kafin a sauko masallaci

Innalillahi. Ruwa ya taso.

Ihun Hajja na ji, na leƙa ta baranda. Ruwa ya ɓullo ta gefen murfin ramin ya malale tsakar gida, ja-ja haka kamar an jiƙa tsatsa. Ya kuma dawo ta banɗakin ɗakin ƙasa, ɗakin Tasneem.

Tasneem Bahaushiyar Sudan ce, yaƙi ya koro ta daga Omdurman ita da tsohuwarta, wadda duk gidan muke kira Habboba, idonta ya kusa rufewa. Ƙunshi take yi wa amare a ɗakinta, da dilka da turaren tsuguno, da shi suke ci da shi suke sha. Ranar da muka tare a gidan nan ita ce mutum ta farko da ta ce mini "sannu da zuwa" da Hausa. Har ƙwalla na yi ranar.

Ina saukowa na tarar Hajja ta riƙe ƙugu tana nuna ruwan da yatsa.

"Dubi launinsa! Henna! Lalle ne da baƙin dayis ɗinki, ya Tasneem. Shekara nawa ina gidan nan ramin nan bai taɓa yi mini haka ba."

"Wallahi ya Hajja, ni ba na zuba ruwan lalle a banɗaki."

"To wa ya zuba? Matar Shehi?" Ta juyo ta kalle ni ta yi dariya, wai ta faɗi abin da ba zai taɓa yiwuwa ba.

Ɗaya daga cikin jarkokin mai sinadarin ƙarfe ne. Launinsa ke nan sak, na gan shi da idona yana bin farin tangaran. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Sai ma na sunkuya na fara taya Tasneem kore ruwan, ta ce mini, "Allah ya saka, ƙanwata, bar shi kar ki ɓata ƙafarki."

Tir da ni.

Lahadi, 15 ga wata, da yamma

Maulidi. Hajja ta aiko 'yarta Eman da kwalin halawa, mai riɗi da mai gyaɗa. Eman a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti take aiki, yarinya ce mai hankali, ba ta da surutu irin na uwarta. Ta tsaya tana kallon kifaye ta ce masha Allah, sannan ta rage murya ta ce Mama ta hana Tasneem karɓar amare a gidan sai an ga abin da hali ya yi.

Na ce, "Ayya." Abin da na iya cewa ke nan. Ayya!

An kai wa ɗakin ƙasa halawa? Ban tambaya ba. Tawa tana kan firiji, ban iya buɗewa ba.

Talata, 17 ga wata, da rana tsaka

Motar yashe rami ta zo. Ta toshe layin gaba ɗaya, ko tuktuk, keke napep ɗinsu, ba ya wucewa, mata duk sun fito baranda sun toshe hanci da gefen mayafi suna kallon gidanmu. Mai motar ya ɗaga murfi ya ja da baya yana tari, ya ce an zuba wani abu mai ƙarfi a nan, ramin ya mutu, ko an kwashe sai ya jima kafin ya koma daidai. Bai ce me aka zuba ba. Ba sai ya faɗa ba, duk idanu sun riga sun tafi ƙofar Tasneem.

Ana cikin haka sai ga wata amarya 'yar Sudan da ƙawayenta, ba su ji labarin hanin ba. Suka tsaya bakin ƙofa, suka ga tiyon mota, suka shaƙi warin. Ɗaya ta ce, "Nan ne?" Suka juya. Tasneem ta bi su har bakin titi da silifas ɗaya a ƙafa tana ba su haƙuri.

Ni ina sama bayan labule. Na ga komai.

Laraba, 18 ga wata, bayan Magariba

Ya kira. Ban ɗauka ba.

Juma'a, 20 ga wata, bayan La'asar

Tasneem ta hawo da kisra, gurasarsu ta Sudan, da miyar kuɓewa busasshiya a rufe. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, tana tambayar lafiyar kifi, kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Akwai wata tsohuwar mai zuwa wurinta da ba ta son rasawa, ko zan ara mata falona na ɗan lokaci ta yi mata ƙunshi, tunda Hajja ta tafi gidan ƙanwarta.

Kafin ta rufe baki na ce to. Na ce kullum ma ta zo. Na kawo matasai, na dafa shayi, na kunna fanka, ina ta rawar jiki kamar wadda aka aiko. Ni a tunanina wannan zai rage wani abu. Bai rage komai ba.

Da ta gama, ta wanke hannun matar da kwanoninta a cikin roba, ta juye ruwan a bokitin da ta taho da shi. Na ce, "Yaya Tasneem, ga banɗaki nan." Kai, ni da bakina!

Ta ce, "La la. Tun a Omdurman a ƙasa nake zubarwa, can bayan layi inda ba mai bi. Dayis ba abin zuba wa rami ba ne."

Amma ta shiga ta ɗauraye yatsunta. Ta ɗan jima. Da ta fito na ga gefen zanin da na rufe jarkokin ya ɗan zame, ko da ma haka yake, oho. Ta ɗauki bokitinta ta sauka tana dafa bango.

Na ci kisrar duka a tsaye. Yunwa ba ta da kunya, ni ma haka.

Lahadi, 22 ga wata, da safe

Hajja ta yanke. Ƙarshen wata Tasneem ta bar ɗakin.

Na sa hijabi na sauka. Duk maganar na shirya ta da Larabci tun daga sama, har da inda zan tsaya in numfasa. Na ƙwanƙwasa. Hajja ta buɗe ta ce, "Ahlan ya Ruƙayya, ya binti, shigo." Tana murmushi, hannunta duk gari.

In na faɗa, za ta ce don me. In ta ce don me, sai na faɗi abin da ya faru kafin nan, da abin da aka ce, da wanda ya fita da akwati. Ko Innata a Malumfashi ban gaya wa ba. Ta yaya zan fara da Bamisriya?

Na ce tafarnuwa nake nema.

Ta ba ni dunƙule guda har da lemun tsami. Ga su nan a kan tebur suna kallona. Ina da tafarnuwa cike da kwando.

Litinin, 23 ga wata, da Azahar

Matsoraciya. Ba wani suna.

Talata, 24 ga wata, da sanyin safiya

Akwai sauran ƙananan kwalaben taki a kabad ɗinsa. Na kasa zama da su, na kuma kasa kusantar banɗaki da su. Sai na yi yadda yake yi: murfi ɗaya a bokiti cike da ruwa, na hau rufi na zuba wa tukwanen Hajja, kowace kaɗan-kaɗan don kar saiwa ta ƙone. Abu mai sauƙi haka! Da jarkokin nan ma haka za a yi ta yi da su har su ƙare, ko a ba masu tanki irinsa, suna nan da yawa suna nema. Sai da na kashe ramin mutane sannan nake hawa bene da bokiti kamar mutuniyar kirki.

Sauran kwalaben na ba Sagiru, abokinsa na unguwar Abbasiya wanda shi ma yake kiwon kifi. A bakin tashar jirgin metro muka haɗu. Ya tambayi mutumin, na ce yana lafiya. Bai ƙara ba, Allah ya saka masa.

Jarkar da ta rage ita ce matsalar, ta biyu cikin masu warin asibiti. Sagiru ya ce ta yi masa yawa, kuma ba ya son ajiye ta a ɗakin ɗalibai. Ba ta zuwa kan shuka, ƙone ta za ta yi. Ba ta zuwa shara, don masu kwasar shara a nan da hannu suke tsincewa. Ba ta zuwa bayan layi, yara da kyanwoyi suna wasa a can. Banɗaki kuwa, Allah ya tsare. Ya ce in tambayi wanda yake aikin asibiti, su suka san inda ake kai irinta.

Mutum ɗaya na sani mai aikin asibiti.

Laraba, 25 ga wata, da yamma

Daga sama ina jin Tasneem tana ɗaure kaya. Habboba tana tambayarta ina za su, tana ce mata, "Kwayyis, Inna, wuri mai kyau ne." Ban ji ta faɗi sunan wurin ba.

Ciyayin tankin sun fara yin rawaya. Su ma sun ga ta kansu.

Alhamis, 26 ga wata, bayan Magariba

Na kira Eman sama da ta dawo aiki. Na fara da cewa wata ƙawata ce take da wani ruwan magani tana son rabuwa da shi. Haba Rakiya, wace ƙawa? Eman ta ce in nuna mata kawai.

Na janye zanin. Ta buɗe murfin kaɗan, ta kawar da kai da sauri ta rufe. Ta ce irin abin da suke jiƙa kayan aiki ne don kashe ƙwayoyin cuta, kuma a wurinsu akwai ganga ta musamman da ake tara irinsa, wasu su zo su ɗauka. Za ta tambayi shugabarsu, in an yarda ta tafi da ita a cikin jarkarta, kar in juye ta a wani mazubi, kar in gauraya ta da komai.

"Kuma don Allah kar ki yarda ko ɗigo ya shiga banɗaki, kin san gidan nan taranshi ne, zai iya..."

Sai ta tsaya. Idonta ya sauka a kan sauran jarkokin. Ta taɓa ɗaya da ƙafa, ta yi ƙara irin ta abin da babu komai a ciki. Ta ɗaga ɗaya, ta ga jan da ya bushe a gindinta.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai ce, "Ya Ruƙayya," a hankali, kamar mai magana da marar lafiya. Da za ta fita ta ce, "Jarkar zan ɗauka. Mama kuma ke za ki gaya mata. Ba ni ba."

Asabar, 28 ga wata, da hantsi

Na faɗa.

Ban zauna ba, a tsaye na faɗa, Larabcin duk ya kakkarye. Na ce ni ce, ba lalle ba ne, takin Shehi ne da maganinsa na juye a banɗaki ranar da ya... ranar Lahadin nan. Na rufe ido ina jiran ihu.

Hajja ta ja ni ta zaunar. Ta rungume kaina a ƙirjinta tana cewa, "Ma'alish, ma'alish ya binti. Maza ke nan. Ai na gan shi daga baranda, akwati biyu da kwalayen littattafai. Mai uzuri ba ya tafiya da littattafansa." Ashe ta sani tun ranar. Abin da na zauna ina gadi har na bar wata ta ɗauki laifina, ashe ko sirri ba ne.

Ta sa Eman ta dafa mini shayin yansun. Ta ce in manta, rami ne, zai warke.

Na ce, "To ya Hajja, Tasneem fa? Tunda ba ita ba ce."

Ta saki kaina. Ta gyara zama. Ta ce khalas, wannan magana ta wuce, ta riga ta yi wa ɗan ƙanwarta alkawarin ɗakin, aure zai yi, har an zo an auna bango. Kuma ita da ma ta gaji da mata suna shiga suna fita, da hayaƙin turare yana hawa mata.

Na roƙe ta. Wallahi na roƙe ta har na durƙusa. Na ce to su dawo sama wurina, ga ɗaki a banza. Ta ce Habboba ba ta iya hawa bene, kuma haya da sunan Shehi take, ba ta sa kowa a gidan mutum ba ya nan. Ta ce, "Da kin zo tun farko, kafin in yi alkawari, wata magana ce."

Ni da na yi laifin an ba ni shayi. Na sha kuwa, don ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Lahadi, 29 ga wata, da Azahar

Eman ta tafi da jarkar. Inda take a bayan ƙofar banɗaki ya zama fili. Ban ji komai ya sauka daga ƙirjina ba.

Litinin, 30 ga wata, bayan La'asar

Ƙaramar motar kaya ta zo da hantsi. Kayan ba su da yawa: katifa biyu, buhun tufafi, tukunyar turare, da robobin lalle an ɗaure su da igiya. Na sauka na ɗauki abin da na iya ɗauka, ba wanda ya ce in ɗauka, ba wanda ya ce in bari.

Da ɗakin ya zama wayam na same ta ita kaɗai tana naɗe tabarma. Na ce, "Yaya Tasneem, ni ce. Ni na zuba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani."

Na ce tun ranar ƙunshi?

"Tun ranar Lahadin. Bututunku ta jikin bangon nan ya bi. Warin ya sa idon Inna ya yi ta ruwa. Kuma na ji kukanki."

Na jingina da ƙofa. Na ce to me ya hana ta faɗa, me ya sa ta tsaya aka yi mata wannan a gaban duk layi?

Sai a lokacin ta kalle ni. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"In tsaya gaban Hajja in ce 'yar'uwata ce, mijinta ya fita ta haukace? Ni ba a yi mini irin wannan tarbiyyar ba. Na ce za ki sauko da kanki. Kullum na ji takunki a matakala sai in ce yau ce."

Na ce na gaya wa Hajja shekaranjiya. Ta ce ta ji. Ta ɗaure tabarmar ta saɓa.

Na tambaye ta ina za su. Ta ce wajen wata 'yar garinsu a unguwar Faisal, kafin a ga yadda za a yi. Na ce ta ba ni kwatance in zo. Ta ce, "Sai mun zauna." Na san me hakan yake nufi.

Mun fito da Habboba a hankali, ni a hannun dama, Tasneem a hagu, har bakin mota. Kafin a ɗaga ta, tsohuwar ta laluba ta kamo fuskata da hannu biyu. Ta ce, "Rakiya ce ko? Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Duk gidan nan ke kaɗai kika tsaya mana. Kin share mana ruwa, kin ba mu falonki. Allah ya dawo miki da maigidanki."

Na kalli Tasneem. Tana jin komai, tana gyara wa tsohuwar mayafi. Ba ta ce mata a'a ba.

Ta shiga motar, ta ja ƙofar ta rufe.